Marmite dieppoise ba tare da giya ba, wa ya taɓa dafawa a gida?

Amaryar_Rouen:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah waɗanda suke zaune a Faransa ko suka san girkin Faransawa ku agaza min. Akwai wani abinci da ake ji da shi a nan yankinmu na Normandi, marmite dieppoise, na mutanen Dieppe ne da ke bakin teku, kifi ne kala biyu ko uku da jatan lande da moules da coquilles Saint-Jacques (halittun teku ne masu ɓawo biyu) a cikin wata farar miya ta kirim, a kawo shi a tukunya yana tururi a ci da burodi ko dankalin turawa ko shinkafa. Maigida ya ƙwallafa rai a kansa amma duk gidan abincin da muka tambaya sai su ce da farar giya ko cidre (giyar tuffa) suke haɗawa, to kun ga ba halin ci. Yanzu kuma yayarsa za ta zo mana daga Yamai ƙarshen wata shi ne ya ce wai in gwada yi a gida, ni kuwa girkin da na iya na gida ne, taushe, kuka, farfesun kifi, ban taɓa dafa abu da kirim ba a rayuwata, kuma kun san kifi a nan ba arha ba balle in ce zan yi ta gwaji ina zubarwa.

To abin da nake son sani, me ake sawa a madadin giyar, ko kawai a bar ta ba komai? Sannan kirim ɗin wanne zan saya, na je shago na tsaya gaban firij na ga kala ya fi goma, wani an rubuta épaisse wani liquide wani légère, kaina ya ɗaure na dawo gida hannu rabbana. An ce min kuma yana tsinkewa a wuta ya koma gudaji-gudaji, me yake jawo haka? Su moules ɗin nan ma wlh tsoronsu nake ji, ban san yadda ake wanke su ba, ban san yadda ake gane wanda ya lalace ba, kuma ma tukuna ya halatta mu ci su? Mu shida ne za mu ci. Na gode Allah ya saka da alheri.

Maman_Ikram76:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da zuwa ƙasar bota da kirim, mutanen nan ko ruwan zafi za su dafa sai sun jefa bota a ciki 😂 Ni a Le Havre nake, ina yin ta kuma ban taɓa sa giya ba, maƙwabciyata Bafaranshiya ta ci har ta nemi ƙari, don haka kwantar da hankalinki.

Kafin komai ki cire tsarin farfesu daga kanki. Mu mun saba a zuba komai a tukunya a rufe a bar shi ya yi ta tafasa har romo ya ratsa kifi, wannan kuwa ba haka take ba sam, romon shi ake shan wahala a kansa, kifin kuwa minti 5 zuwa 8 kacal yake yi a wuta. In kin riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Wajen mai kifi za ki fara zuwa, ba na cikin leda na babban shago ba in da hali. Na mutum shida ki sayi kamar kilo 1 da gram 200 na tsokar kifi. Na asali da sole da turbot da lotte (fararen kifayen teku ne) suke yi amma wannan sai ranar albashi, ni lotte nake haɗawa da cabillaud ko lieu (su ma farin kifi ne), lotte ɗin ita ce ba na tsallakewa saboda tsokarta tana da ƙarfi ba ta farfashewa kuma ƙashi ɗaya ne da ita a tsakiya ba ƙaya, sai dai ki ce ya cire miki wannan siririyar fatar mai yauƙi da ke manne da tsokar, in an bar ta takurewa take yi a wuta ta murɗe yankan. Sai moules kilo 1, jatan lande gram 300, Saint-Jacques guda 6 ko 12 gwargwadon aljihu. Su Saint-Jacques suna da lokaci, daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Mayu ake kamun su a Faransa, in kin gan su sabbi a Yuli to ki tambayi daga ina suka fito. Kuma tunda kina Rouen, Dieppe ba nisa, bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba, ki lallaɓa maigida ku je kasuwar Asabar da safe, ita ce aka zaɓa kasuwar da ta fi kyau a Faransa a 2020, kifin can daga jirgin masunta yake sauka. Abu mafi muhimmanci: ki ce ya ba ki ƙasusuwa da kawunan farin kifi kamar kilo 1, sau da yawa kyauta suke bayarwa ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ban da na saumon ko maquereau ko sardine, maiƙonsu da ƙarninsu sai su cinye miyar.

Romon: ki cire jan abin nan na cikin kunnen kifi ki wanke jinin tas da ruwan sanyi, in ba haka ba romo zai yi ɗaci ya yi duhu. Ki narka bota kaɗan ki zuba albasa ɗaya da koren ganyen poireau (dangin albasa ne mai dogon jiki) da sandar seleri ɗaya su yi laushi kawai kar su soyu, ki zuba ƙasusuwan ki juya, ki zuba ruwan sanyi lita ɗaya da rabi da ganyen laurier da thym da ƙwayar masoro. Ya fara tafasa ki rage wuta ki kwashe kumfar, minti 20 zuwa 25 ki sauke ki tace. Kar ki ce bari in ƙara masa awa ɗaya ya fi daɗi, ƙashin kifi ba ƙashin sa ba ne, yana daɗewa ɗanɗanon yake juyawa. Gishiri kar ki sa ko ƙwaya tukuna, zan gaya miki dalili.

Moules ba abin tsoro ba ne, da ransu ake sayar da su kuma da ransu ake dafa su, shi ke nan dokar. Wanda ɓawonsa ya fashe ki yar. Wanda kika ga bakinsa a buɗe ki ƙwanƙwasa shi a jikin kwano, in ya rufe yana da rai, in ya tsaya a buɗe ki yar. Ki fizge ɗan gashin da ke leƙowa ta gefe, ki kankare dattin bayan da wuƙa, ki ɗauraye su da sauri, kar ki jiƙa su a ruwan famfo ki tafi wani aiki, mutuwa suke. In kin saya yau za ki dafa gobe ki juye su a kwano ki rufa da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan firij, ban da ƙulle su a leda. Dafawar kuma, bota kaɗan da échalote (ƙananan albasa) guda 2 yankakku a babbar tukunya, rabin kofi na romon kifin nan, wuta sosai, ki zuba su ki rufe, minti 4 ko 5 kina girgiza tukunyar, za ki ga duk sun buɗe baki. Wanda ya ƙi buɗewa ki yar. Ki ɓare yawancinsu ki bar kamar guda goma da ɓawonsu don ado. Ruwan da suka fitar kuwa shi ne rabin daɗin abincin gaba ɗaya, ki tace shi da tsumma mai tsabta saboda yashi, ki haɗa da romonki. Ruwan teku ne a cikinsa, gishiri ne da shi sosai, shi ya sa na ce ki dakata da gishiri.

Giyar da suke sawa aikinta ɗan tsami ne da ƙamshi, don kar kirim da bota su gundure mutum. Ni ruwan rabin lemon tsami nake sawa a ƙarshe, in ina son ɗanɗanon ya matso kusa da na cidre sai in zuba rabin kofi na ruwan tuffa marar sukari da ƙaramin cokali na khal (vinegar) ɗin tuffa a tukunyar moules tun farko. Kar ya wuce haka, in ya yi yawa zaƙi zai fito.

Kirim kuma ki sayi crème fraîche épaisse entière, wato mai kauri mai cikakken maiƙo, ki duba jikin robar ki ga maiƙo 30% ko sama. In kin samu na Isigny ma ya fi, na nan Normandi ne, tun 1986 yake da tambarin AOC mai tabbatar da asalin kaya kuma maiƙonsa ba ya gaza 35%. Duk wanda aka rubuta légère ko 15% ko 4% ki wuce shi, su ne masu tsinkewa.

Sai haɗawa. Farin jikin poireau guda 2 ki yanka siri-siri da mashrum gram 250, su yi laushi a bota gram 40 a kan ƙaramar wuta, kar su yi ja ko kaɗan don farar miya ake so. Ki barbaɗa fulawa gram 40 ki juya minti 2, ki riƙa zuba romon da zafinsa kaɗan-kaɗan kina juyawa har kamar lita 1, ya dahu minti 10, sai kirim santilita 30. Kaurin da ake nema kamar na kunun gyada mai ɗan ruwa-ruwa, ya kama bayan cokali amma yana zuba. Yanzu ki ɗanɗana ki sa gishiri da farin masoro. Ki rage wuta har sai miyar tana motsi kawai ba tafasa ba, lotte ta fara shiga, bayan minti 3 cabillaud, bayan wasu minti 3 jatan lande da Saint-Jacques, minti 2, sai moules su ji ɗumi kawai ki kashe wuta. Daga lokacin da cabillaud ya shiga kar ki ƙara sa ludayi kina juyawa, tukunyar za ki riƙa girgizawa. Lemon tsami da yankakken fasili a ƙarshe. Ki yanka kifin manya-manya tun farko, ƙanana narkewa suke.

Abu_Sumayya:

Salam. Girki dai ba fannina ba ne, na bar wa su Hajiya, amma tambayar halacci zan ɗan ce wani abu. 'Yar uwa ki ci moules ɗinki da jatan landenki hankali kwance. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta muku farautar teku da abincinsa, kuma akwai hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, da aka tambayi Annabi (SAW) game da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A kan haka Malikiyya suka tafi, wanda shi ne abin da aka karantar da mu a gida, Shafi'iyya da Hanabila ma sun halatta irin waɗannan. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, jatan lande ma sun yi saɓani a kansa, shi ya sa in kina da maƙwabta Turkawa ko 'yan Fakistan za ki iya jin wani ya ce miki ba a ci, mazhabarsa ce ba wai ke kin yi laifi ba. In za ki gayyaci irinsu dai ki tambaye su tukuna.

Inda nake so a kula shi ne maganar da masu gidan abinci suke yawan yi cewa ai giyar tana ƙonewa a wuta ba abin da yake saura. Ba haka ba ne. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abincin da aka zuba wa giya aka bar shi yana dahuwa minti 15 kusan kashi 40 cikin 100 na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5. To miyar da duka-duka minti 20 take yi a wuta fa? Kuma cidre giya ce, ko da an rubuta doux, barasar ce kawai ba yawa, kar sunan tuffa ya ruɗi mutum. Calvados ma daga tuffa ake yin ta kuma ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan in kasala ta sa kin sayi fumet de poisson, wato romon kifi, na gari ko na kwalba ki karanta bayansa, wasu akwai vin blanc, wato farar giya, a ciki. Khal kuwa ba matsala, a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗi. Wallahu a'alam.

Abu ɗaya kuma ba na fiƙihu ba, ki tambayi baƙuwar taku ko ta taɓa cin irin waɗannan, wasu jikinsu ba ya karɓa, kumburi da ƙaiƙayi har da toshewar numfashi, ba abin wasa ba ne.

Ummi_Abj:

Kai Anti Maman Ikram wlh kin sa yawuna ya tsinke tun ina ofis 😭 to mu da muke Abuja fa ya za mu yi, ni ban taba ganin wata lotte ba balle Saint wane, moules ma sai daskararru a manyan shaguna kuma kudinsu sai ka rike baki. In na je kasuwar kifi ta Kado abin da zan samu tarwada ce da karfasa da giwan ruwa sai su titus da panla na kankara. Tarwada zata yi? ita ce dai bata da kaya sosai yara suna ci. Kirim din ma ban san ko zan samu irin naku ba, madarar gwangwani ta ruwa bazata yi ba? Sannan dan Allah tsakani da Allah abinci ba attaruhu ba tattasai ba magi ba ko citta, wannan in na ajiye wa mijina cewa zai yi abincin asibiti na kawo masa, ba yadda za'a yi a dan sa yaji ba tare da an bata abin ba?

Tsohon_Kuku_Maradi:

Salamu alaikum jama'a. Ni aikin kuzin na yi a otal, Yamai da Kwatano, hannuna ya daɗe cikin irin wannan sos ɗin, bari in sa baki. Hajiya Maman Ikram ta hwaɗi gaskiya kusan duka, wuri guda ne ban bi ta ba, zancen hulawa. Gram 40 cikin litir guda ya yi yawa a wurina, sos ɗin yana yin nauyi ya danne ɗanɗanon kihi, kuma in ya huce sai ya kama jikinsa ya daskare bisa faranti. Yadda aka koya muna, romon za ki bari bisa wuta babu marhi har litir guda da rabi ya koma kamar rabin litir, ki zuba kirim ya ƙara ƙonewa kaɗan, ki dahwa kihin a ciki ki tsame shi, sannan ki kaɗa gwaiduwar ƙwai 2 da cokali 3 na kirim a kwano, ki ɗebo ludayi guda na sos mai zahi ki zuba bisa ƙwan kina kaɗawa, ki maida duka cikin tukunya wuta a kashe ko ƙasa-ƙasa. Daga nan ba tafasa kuma har abada, gwaiduwa tana wuce digiri 82 zuwa 85 sai ta dahu ta zama wainar ƙwai cikin miya. Wahala ta hi yawa amma santsin da sheƙin ba a haɗa su.

Amarya kin tambayi mi ke sa kirim tsinkewa. Furotin ɗin madara ne, in ya gamu da tsami da zahi tare sai ya dunƙule, yadda dai ake yin cuku ke nan. Maiƙo shi ke shiga tsakani ya hana su haɗuwa, shi ya sa mai 30% yake jure tafasa, mai 15% ba ya jurewa. Don haka lemon tsami kullum a ƙarshe bayan an kashe wuta, kuma ki hiddo kirim daga firigo tun da wuri ya saki sanyi. In kuma ya riga ya fara tsinkewa ki sauke maza, ki tsame kihin, ki zuba cokali biyu na kirim mai sanyi ki kaɗa da ƙarhi ko ki sa a blanda, yawanci yana dawowa.

Ɗiyata ta Abuja, tarwada a'a. Maiƙo gare ta da yauƙi da ƙamshin laka, cikin barkono da daddawa sarauniya ce amma cikin kirim duk abin da yaji yake ɓoyewa sai ya hito fili. Titus ma a'a. Giwan ruwa za ki saya, shi muke ce ma capitaine a Nijar, a otal da shi muke yin duk wani girkin Faransawa na farin kihi, tsoka fara mai ƙarhi, ƙaya kaɗan, kansa da ƙashinsa kuma suna ba da romo mai kyau ƙwarai. Ki haɗa da croaker in kin samu. Panla tana yi amma saurin farfashewa gare ta, ita za ta shiga ƙarshe. Tunda ba ki da ruwan moules, jatan lande za ki saya manya masu kai da ɓawo, ki ɓare, ki tsaga baya ki cire baƙin zaren nan, kawunan da ɓawon ki soya su cikin bota har su yi ja kina danna su da ludayi, sannan ki zuba su cikin romon ƙashin kihi. Miyar za ta ɗan yi ruwan hoda maimakon fara, ba laihi. In kin sayi daskararrun moules ki sani dafaffu ne, minti guda ya ishe su. Kuma da yanayin wutar lantarkinku ki shinshina komi kahin ki biya, abin teku in ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa ba a wasa da shi, in kin ji wari mai hawa hanci ko kin ga ƙanƙara ta dunƙule cikin ledar ki bar musu kayansu.

Kirim kuwa akwai na kwali a manyan shaguna, ki duba mai 30% ko 35% wanda ba sukari, ki kiyayi wanda ake yi wa kek ado da shi, wancan man itace ne da sukari. Madarar gwangwani maiƙonta bai kai kashi 10 ba, in ita ce kawai gare ki to nan kam dole ki bi hanyar Hajiya ta hulawa, hulawar tana riƙe ta, kuma kar lemon tsami ya shiga tukunya, ki yanka a faranti kowa ya matsa nashi.

Yaji kuma Faransawan ma suna sawa, ba su dai cikawa. Wasu a Dieppe suna barbaɗa kori kaɗan, wasu cayenne, wasu piment d'Espelette na ƙasar Bask. Abin da nike yi wa mutanenmu, attaruhu guda ɗaya lahiyayye wanda bai hwashe ba, a jehwa shi cikin romo da hancinsa a tsame kahin a sa kirim, ƙamshin yana shiga, zahin kaɗan ne. Mutanen Antiy, tsibiran Karibiyan, haka suke yi. Sauran yajin a aje bisa tebur, maigida ya zuba abinsa yadda ya ga dama. Magi dai ina roƙonki ki bari, in romonki ya yi kyau ba wurin da zai shiga.

Maman_Ikram76:

Baba Kuku ai ni ban isa in ja da ku ba, ku ne masu abin 🙏 Amma dai a duba, yarinyar nan ta ce ba ta taɓa dafa abu da kirim ba, ga yayar miji zaune a falo, ga moules da take jin tsoro, sannan a ce ta tsaya auna zafin gwaiduwar ƙwai? In ya dunƙule mata a minti na ƙarshe kifin Yuro nawa ke nan ya tafi, kuma ba lokacin sake wani. Fulawa ba ta ba mutum kunya, ko an yi waya an manta ta tafasa ba abin da zai same ta. Na yarda 40 zai iya yi wa wani nauyi, to ta sa 25 da bota 25 ta bar romon ya ɗan ƙone ya ragu, in hannunta ya faɗa nan gaba sai ta koma ta ƙwai. Kuma hanyarku romon yana raguwa sosai, mutum shida 'yan gida da za su kwarara miya a kan shinkafa rabin lita ba za ta kai ko'ina ba, Bafaranshe ne yake cin cokali uku na miya ya goge da burodi ya ce ya ƙoshi.

Dabarar attaruhun nan kuwa na ɗauka, ban taɓa yi ba. Ummi ki ji maganar Baba a kan magi, ko ni da nake da ruwan moules wani lokacin ko gishiri ba na ƙarawa.

Tsohon_Kuku_Maradi:

To Hajiya na ji, 25 ɗin mun shirya. Amma ta dahwa hulawar cikin bota minti 2 cikakku, in ba haka ba ɗanyen gari za a ji.

Amaryar_Rouen:

Kai amma na gode ƙwarai wlh, Anti, Baba, Malam, Allah ya biya ku ya raya zuri'a. Na kwafe duka a waya. Maigida ya yarda za mu je Dieppe ranar Asabar ɗin, baƙuwar kuma Lahadi da rana za a ci abincin, to tambaya ta ƙarshe, me zan iya yi tun Asabar da dare don kar aiki ya cushe min da safe, kuma in ya ragu ana iya ɗumamawa ko sai dai a cinye a take? Sannan shinkafa ko dankali wanne ya fi dacewa, ita yayar tamu ba ta cika son burodi ba.

Maman_Ikram76:

Romon ƙashin ki yi shi Asabar da dare, ki tace ya huce ki sa a firij, da safe ma za ki ga ya ɗan daskare, alamar ya yi kyau ke nan. Poireau da échalote ki yanka ki rufe, mashrum dai sai da safe don baƙi yake yi. Kifin ki yanka ki shanya a faranti ki rufe a wurin da ya fi sanyi a firij. Moules kar ki wanke su sai Lahadi, suna nan ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsummansu. Miyar har zuwa inda aka sa kirim kina iya gamawa awa ɗaya kafin lokaci ki kashe wuta ki rufe, kifin ne kawai ba zai shiga ba sai kin ga mutane sun wanke hannu sun zauna, su jira shi minti goma ya fi ya jira su.

In ya ragu ki sa a firij da wuri, washegari ki ɗumama a ƙaramar wuta kar ya tafasa, ban da microwave don jatan lande da Saint-Jacques tauri suke yi, kuma kar ya wuce washegarin. Farar shinkafa ki yi mata, basmati ko wadda kuka saba, ba mai ba albasa, ki kuma dafa ɗan dankali a gefe saboda maigida. Farantan ki ɗauraye su da ruwan zafi kafin ki zuba, miyar kirim saurin hucewa gare ta.